ƘWALLON KWANDO A JAMI'O'IN AMURKA: RIBAR JIRA DA HASARARSA

A kowace shekara, da zarar watan Nuwamba ya gabato, watau lokacin da a ke buɗe kakar wasan ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka, akwai wata shawara mai nauyi da ke jiran masu horar da 'yan wasa a makarantu fiye da 350 da ke rukuni na ɗaya na wannan gasa. Shawarar kuwa ta shafi yaron da aka ɗauko da kyakkyawan zato, amma da aka duba sai aka ga bai nuna ba tukuna. Wani jikinsa ne bai yi ƙwari ba, wani bai gama fahimtar wasan ba, wani kuma akwai manya a gabansa waɗanda ba zai iya ture su ba. To, a sa shi cikin jerin masu wasa bana, ya riƙa tsintar 'yan mintoci idan an kusa tashi, ko kuwa a ajiye shi shekara guda cur yana atisaye da karatu ba tare da ya taɓa shiga fili ba?

Amurkawa suna kiran ajiye ɗan wasa irin wannan da wani lafazi wanda ma'anarsa ita ce jar riga. Al'ada ce da ta haura shekara tamanin, kuma ta gina zakaru da dama, cikinsu har da ɗan Nijeriyar da ya fi kowa suna a wannan wasa. Amma canje-canjen dokokin da aka yi tun daga shekarar 2018 sun girgiza ta ƙwarai da gaske, har ya zamana mai horarwar da ya ajiye yaro bana ba shi da tabbacin cewa shi ne zai ci moriyarsa baɗi. Da ya ke samarin Afirka masu tafiya karatu da wasa suna cikin waɗanda aka fi yi wa wannan tayi, yana da kyau a san yadda abin ya ke.

ASALIN JAR RIGA

Galibi ana danganta asalin wannan suna da wani ɗalibin Jami'ar Nebraska mai suna Warren Alfson, wanda ke buga ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda a ke runguma a ruga da ita. A shekarar 1937 ya duba ya ga manyan da ke gabansa sun yi yawa, sai ya roƙi a bar shi ya riƙa atisaye tare da ƙungiya ba tare da an sa shi a wasa ba. Da ya ke ja shi ne launin makarantar, sai aka ba shi jar riga marar lamba. A shekarar 1940 kuwa sunansa ya fito cikin fitattun 'yan wasan jami'o'i na ƙasar baki ɗaya. Daga nan sunan ya bazu zuwa sauran wasanni.

Hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, wadda a ke kira NCAA, an kafa ta a 1906, kuma dokarta ce ta buɗe wannan ƙofa. Bisa ƙa'idar da aka daɗe ana bi a rukuni na ɗaya, wadda ita ce ta yi aiki har a kakar 2024/2025, ɗalibi yana da kaka huɗu ta wasa, kuma tilas ne ya cinye su cikin shekara biyar daga lokacin da ya fara cikakken karatu a babbar makaranta. Shekara ɗayan nan da ta yi rara ita ce ta jar riga. A cikinta yaro yana riƙe da sikolashif ɗinsa, yana zuwa aji, yana ɗaga ƙarfe, yana atisaye da 'yan uwansa kullum, amma ba ya karawa da wata makaranta.

A ƙwallon kwando ƙa'idar ta zo da tsanani. Idan yaro ya shiga wasan gasa ko da na minti ɗaya ne, to, an lasafta masa kaka guda ta tafi. A 2018 hukumar ta sassauta wa 'yan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, ta yarda su buga har wasa huɗu ba tare da sun yi hasarar shekarar ba, amma wannan sassauci bai haɗa da ƙwallon kwando ba. Rangwamen da aka tanadar shi ne na wanda ya ji rauni mai tsanani a rabin farko na kaka, tun bai buga fiye da kashi 30 cikin ɗari na wasannin ba. Irin wannan a kan mayar masa da shekararsa idan makaranta ta nema.

MINTI 200 GA MUTUM 13

Dalilin da ya sa wannan shawara ta ke tasowa kowace shekara lissafi ne mai sauƙi. Wasan maza a jami'a minti 40 ne, kuma mutum biyar ne ke cikin fili daga kowane ɓangare, watau minti 200 ke nan mai horarwa zai raba wa yaransa a kowane wasa. Tun daga farkon shekarun 1990 har zuwa 2025, makaranta na iya bai wa maza 13 sikolashif na ƙwallon kwando. Amma idan wasa ya yi zafi, da wuya a ga mai horarwa ya amince da fiye da mutum takwas ko tara. Saboda haka ko yaushe akwai mutum huɗu ko biyar da ke ɗumama benci.

Yaron da ke na goma sha ɗaya a wannan jeri, idan aka sa shi a wasa, abin da zai samu bai wuce minti biyu ko uku ba a wasannin da aka riga aka san wanda ya ci. A kan waɗannan 'yan mintoci zai sayar da kaka guda daga cikin huɗun da ya mallaka. Idan kuwa aka ajiye shi, zai sami wannan kakar a ƙarshe, yana ɗan shekara 22 ko 23, jikinsa ya cika, ya san wasan ciki da waje. Masu goyon bayan jar riga su kan ce ai musaya ce ta mafi raunin shekarun yaro da mafi ƙarfinsu.

ZAMANIN DA JIRA YA KE DOLE

Akwai lokacin da ba a ma tambayar kowa ra'ayinsa. Kafin shekarar 1972, doka ta hana ɗalibin shekarar farko buga wa babbar ƙungiyar makarantarsa, komai gwanintarsa. Misalin da aka fi tunawa shi ne na Lew Alcindor, wanda daga baya ya musulunta ya zama Kareem Abdul-Jabbar. Ya shiga Jami'ar UCLA a 1965, a lokacin da babbar ƙungiyarta, a hannun John Wooden, ta ci kofin ƙasa sau biyu a jere. A watan Nuwamban wannan shekara aka haɗa 'yan shekarar farko da manyan nasu, sai ƙananan suka lallasa zakarun ƙasa da maki 75 da 60, Alcindor shi kaɗai ya ci 31. Duk da haka sai da ya jira shekara guda. Da ya shigo kuwa, UCLA ta ɗauki kofi a 1967 da 1968 da 1969.

Bayan an soke wannan doka, sai wata ta zo ta fuskar karatu. Daga 1986 aka fara hana sabon ɗalibin da sakamakon jarrabawarsa bai kai mizani ba yin wasa a shekararsa ta farko. Rumeal Robinson na Jami'ar Michigan yana cikin rukunin farko da dokar ta kama. A wasan ƙarshe na 1989, saura daƙiƙa uku a tashi daga ƙarin lokaci, shi ne ya zura jifa biyu na kyauta da suka bai wa Michigan kofi a kan Seton Hall da maki 80 da 79.

DAGA SAKKWATO ZUWA HOUSTON

Ga mutanen Nijeriya, babu labarin da ya kai na Hakeem Olajuwon. An haife shi a Legas a 1963, ya tashi yana tsaron gida a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Bai san ƙwallon kwando ba sai da ya kai shekara 15, yana ɗalibi a Kwalejin Horon Malamai ta Musulmi da ke Legas, sa'ad da makarantarsa ta je bikin wasannin kwalejojin malamai na ƙasa a Sakkwato. Da ƙungiyar ƙwallon hannu ya ke, amma aka roƙa aka sa shi cikin ta ƙwallon kwando saboda tsawonsa.

A 1980 ya isa Jami'ar Houston da ke jihar Texas, wajen mai horarwa Guy Lewis, yana da tsawon kusan ƙafa bakwai, amma duka-duka shekarunsa a wasan ba su wuce biyu ba. Kakar 1980/1981 bai buga ba, domin hukumar NCAA ba ta riga ta ba shi izini ba. Watau tasa jar rigar ta dole ce, sai dai ta zo masa daidai lokacin da ya ke bukatarta. Ko a kaka ta gaba daga benci ya ke shigowa, yana cin maki takwas da 'yan kai a kowane wasa, a shekarar da Houston ta kai wasan kusa da na ƙarshe ta sha kashi a hannun North Carolina.

Da ya tambayi malamansa yadda zai ƙara samun lokaci a fili, sai suka tura shi wani ɗakin wasa na gari mai suna Fonde, inda Moses Malone, babban ɗan wasan ƙungiyar ƙwararru ta Houston Rockets, ke atisaye lokacin dogon hutu. A can ya sha turi da gwiwar hannu a wajen Malone har ya koyi tsayawa da ƙafarsa. Houston ta kai wasan ƙarshe a 1983, ta faɗi a hannun North Carolina State da maki 54 da 52, amma duk da haka Olajuwon aka zaɓa gwarzon gasar. Ta sake kai wa a 1984, Georgetown ta doke ta. A wannan shekara, wajen zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar ƙwararru ta NBA, shi aka fara ɗauka, alhali Michael Jordan ya zo na uku. Ya ci kofin NBA da Rockets a 1994 da 1995.

Abin lura a labarinsa shi ne ba zaman benci kaɗai ya gyara shi ba. Ya sami waɗanda suka koya masa, ya sami wanda ya fi shi ƙarfi ya goga da shi, kuma akwai gurbin da ke jiransa a ƙungiya.

WAƊANDA JIRA YA YI WA RANA

A 'yan shekarun baya, babu wanda ya ci ribar wannan al'ada kamar Jay Wright na Jami'ar Villanova. Ƙungiyarsa da ta ci kofin ƙasa a 2018 ta dogara ne a kan mutum shida, kuma biyar daga cikinsu kowanne ya taɓa zaman shekara guda. Mikal Bridges an ajiye shi a kakar 2014/2015 domin siriri ne ƙwarai. Eric Paschall ya zauna saboda ya canjo makaranta daga Fordham, Omari Spellman saboda sharuɗɗan karatu, Phil Booth da Donte DiVincenzo kuma saboda rauni. Jalen Brunson ne kaɗai bai zauna ba. A wasan ƙarshe da Michigan, DiVincenzo ya taso daga benci ya ci maki 31, aka tashi 79 da 62. Bayan 'yan watanni aka ɗauki Bridges na goma a zaɓen NBA.

Shekarar da ta biyo baya kofin ya koma Jami'ar Virginia, inda Tony Bennett ke horarwa. De'Andre Hunter, wanda aka ajiye a kakar 2016/2017, bai ji daɗin shawarar ba da fari, domin da sunansa ya zo daga makarantar sakandare. A wasan ƙarshe na 2019 shi ne ya ci maki 27, Virginia ta doke Texas Tech 85 da 77 bayan ƙarin lokaci, aka kuma ɗauke shi na huɗu a NBA. Da ma Virginia ba za ta kai wannan matsayi ba in ba don Mamadi Diakite ba, haifaffen Konakiri ta ƙasar Gini, wanda shi ma ya sa jar riga a kakar 2015/2016. Shi ne ya zura ƙwallon da ta rama wa Virginia a daƙiƙar ƙarshe a karawarsu da Purdue, aka shiga ƙarin lokaci suka yi nasara.

Wani lokaci ma a tsakiyar karatu a ke yin jiran. Kelly Olynyk, ɗan ƙasar Kanada, ya yi kaka biyu a Jami'ar Gonzaga ba tare da ya taka wata rawa ba, don a ta biyun maki shida bai cika ba a kowane wasa. Ya zauna kakar 2011/2012 yana gina jiki, manyan da suka tare masa hanya suka ragu, ya dawo yana cin kusan maki 18. A watan Maris na 2013, tare da Olynyk, Gonzaga ta hau matsayi na ɗaya a jerin makarantun ƙasar karo na farko a tarihinta, shi kuma aka ɗauke shi na 13 a NBA.

WANDA AKA HANA SHI JIRA

Sai dai ba kowane ɗanyen yaro ne ya kamata a ajiye ba. Joel Embiid, haifaffen Yawunde ta ƙasar Kamaru, shi ma bai fara wasan ba sai da ya kai kimanin shekara 15. Ya shiga Jami'ar Kansas a 2013, kuma kamar yadda ya bayar da labari da kansa daga baya, a farkon atisaye wani babba daga cikin 'yan ƙungiyar ya wulaƙanta shi a gindin kwando, har ya je ofishin mai horarwa Bill Self ya roƙi a sa masa jar riga. Self ya ƙi, ya ce masa nan gaba kaɗan shi za a fara ɗauka a NBA. Kaka ɗaya tak ya buga, aka ɗauke shi na uku a 2014, kuma a 2023 aka zaɓe shi gwarzon gasar NBA. Da an biye masa, da ya yi hasarar shekara guda ta albashin ƙwararru a banza.

Wannan ita ce hasara ta farko da ke cikin jira. Ƙungiyoyin NBA sun fi son yaro ɗan shekara 19 a kan ɗan 23, domin suna ganin na farkon yana da sauran girma a gaba. Tun da aka kafa dokar 2005, wadda ta ce sai yaro ya kai shekara 19 kuma ya shekara da barin sakandare kafin a ɗauke shi, manyan makarantu suka cika da masu shekara ɗaya su wuce. Kentucky ta John Calipari ta ci kofin 2012 da 'yan shekarar farko uku cikin biyar ɗin da ke fara wasa, kuma biyu daga cikinsu, Anthony Davis da Michael Kidd-Gilchrist, su aka ɗauka na ɗaya da na biyu a wannan shekara. A irin wannan yanayi, yaron da aka ce ya jira ya kan ɗauka an raina shi ne.

Hasara ta biyu ita ce ta alkawari. Mai horarwar da ya ce a jira ana iya korarsa kafin shekara ta zagayo, wanda ya gaje shi kuma ya zo da nasa yaran. Ko shi kansa yana iya samo wani yaron da ya fi wanda ya ajiye. Daga 1973 zuwa 2012 dokar NCAA ba ta yarda a ba da sikolashif na wasa na fiye da shekara ɗaya ba, sai dai a riƙa sabuntawa. Bugu da ƙari, wanda ya so canja makaranta sai ya nemi izinin wadda ya ke ciki kafin wata ta yi magana da shi, in ya koma kuma ya zauna shekara guda. Saboda haka a wancan zamani wuƙa da nama suna hannun mai horarwa, yaro kuwa ba shi da abin yi sai haƙuri.

AN CANJA DOKOKI

Wannan tsari ya rushe cikin shekara bakwai. A watan Oktoba na 2018 aka buɗe wata rajista a intanet, inda duk ɗan wasan da ke son canja makaranta zai sa sunansa, kowace makaranta kuma ta iya nemansa ba tare da izinin kowa ba. A Afrilun 2021 aka yarda ya canja sau ɗaya ba tare da zaman shekara ba. A Yulin wannan shekara aka halatta masa karɓar kuɗi ta hanyar talla da sunansa da hotonsa. A 2024, bayan ƙarar da wasu jihohi suka shigar, aka cire iyakar sau nawa zai canja muddin karatunsa na tafiya daidai. A 2025 maza fiye da 2,000 na rukuni na ɗaya ne suka sa sunansu a wannan rajista, watau fiye da kashi ɗaya bisa uku na dukkan 'yan wasan.

Har ila yau, a watan Yuni na 2025 wata alƙaliyar kotun tarayya a Kalifoniya, Claudia Wilken, ta amince da wani sulhu da ya bai wa makarantu damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20 da rabi ga kowace makaranta a shekarar farko, a raba tsakanin dukkan wasanni. Sulhun ya kawar da iyakar sikolashif 13, ya kafa iyakar mutum 15 a ƙungiyar maza ga makarantun da suka shiga tsarin. A sakamakon haka, yaron da aka ajiye yana cin gurbi ɗaya cikin 15, watakila da wani kaso na kuɗi, alhali ba ya kawo maki ko ɗaya.

Yanzu lissafin mai horarwa ya juya. Idan ya ɗauki shekara yana ciyar da yaro yana koya masa, ranar da ya nuna wata makarantar da ta fi kuɗi na iya ɗauke shi, ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga shi kuma a rajista akwai ɗan shekara 22 da ya riga ya buga wasa casa'in a wata ƙaramar makaranta, wanda zai yi amfani tun daga daren farko. Shi ma yaron, in an ce ya jira, yana da inda za shi. Jay Wright ya yi ritaya a 2022. Tony Bennett ya bi sahu a Oktoban 2024 yana da shekara 55, ya kuma faɗa a fili cewa yana ganin ba shi ne ya dace ya jagoranci ƙungiya cikin wannan sabon yanayi ba.

MASU RIƘE DA TSOHUWAR HANYA

Duk da haka al'adar ba ta mutu ba. Matt Painter na Jami'ar Purdue ya ajiye Trey Kaufman-Renn a kakar 2021/2022, ya sa shi ya yi shekara biyu a inuwar dogon ɗan wasan nan Zach Edey, har suka kai wasan ƙarshe a 2024. Da Edey ya tafi, Kaufman-Renn ya riƙa cin kimanin maki 20 a kakar 2024/2025. A Houston, tsohuwar makarantar Olajuwon, Kelvin Sampson ya ajiye J'Wan Roberts a kakar 2019/2020. Da ƙarin shekarar da aka bai wa kowa saboda annobar korona, Roberts ya shekara shida a makaranta ɗaya, kuma shi ne ya zura jifa biyu na kyauta da suka sa Houston ta wuce gaban Duke a ƙarshen wasan kusa da na ƙarshe na 2025.

A wasan ƙarshen kuwa Florida ce ta doke Houston da maki 65 da 63. Manyan masu cin makinta uku duk daga wasu makarantu suka canjo, haka ma dogon da ke tsare mata gindin kwando, Rueben Chinyelu ɗan Nijeriya, wanda ya fara a Washington State. Ita ma Houston ɗin tana da nata da suka canjo. Abin da wannan ke nunawa shi ne hanyoyin biyu duk suna kai wa, amma jar riga ta fi yin aiki a inda mai horarwa ya daɗe a kujerarsa, yara kuma suka ga na gaba da su sun jira sun samu.

ABIN LURA GA SAMARIN AFIRKA

Yaran da ke fitowa daga Afirka su ne suka fi dacewa da wannan al'ada ta wata fuska, domin da yawansu ba su fara wasan da wuri ba, ga kuma sabon abinci, da sanyi, da tsarin karatu da za su saba da shi. Amma su ma ba duka suka zama ɗaya ba. Makarantar da NBA ta buɗe a Senegal a 2017 tana fitar da yara da horonsu. Daga can Chinyelu ya fito, daga can kuma Khaman Maluach na Sudan ta Kudu ya je Duke, ya buga kaka ɗaya, aka ɗauke shi na goma a 2025. Akwai kuma bambancin kuɗi, domin dokokin bizar ɗalibai sun taƙaita wa baƙo aikin neman kuɗi a cikin Amurka. Shi ya sa Oscar Tshiebwe ɗan Kwango, gwarzon jami'o'i na 2022, sai da ƙungiyarsa ta Kentucky ta je tsibiran Bahamas a wannan shekara sannan ya yi aikin tallace-tallacensa a can.

Saboda haka yaron da aka yi wa tayin jira, da iyayensa, suna da tambayoyin da ya kamata su yi kafin su amsa. Su wane ne ke gabansa a gurbin da ya ke bugawa, kuma yaushe za su gama? Wane ne zai riƙa koya masa a wannan shekara, kuma mene ne a ke so ya gyara? Sikolashif ɗin na shekara nawa ne a rubuce? Yaran da wannan mai horarwa ya ajiye a baya, nawa ne suka buga masa daga baya, nawa ne suka watse? Ya kamata kuma a nemi ofishin makarantar da ke kula da dokokin NCAA ya bayyana ƙa'idar da ke aiki a wannan shekarar, domin tun daga 2024 ƙararraki a kotuna suna ta taɓa dokar shekarun wasa.

Tambaya ta ƙarshe ta karatu ce. Mutum 60 ne a ka'ida a ke ɗauka a zaɓen NBA na kowace shekara, daga duniya baki ɗaya, kuma ƙididdigar da hukumar NCAA ta sha fitarwa na nuna cewa kimanin ɗaya ne cikin ɗari na ɗalibanta maza masu wannan wasa ke samun shiga. Ga sauran, babbar ribar jar riga ita ce shekara ta biyar a makaranta ba tare da biyan kuɗi ba, wadda ta isa mutum ya kammala digirinsa a natse, ko ma ya fara na biyu.